Azumin da Na Yi Cikin Jatan Lande

Ban taɓa ganin teku ba sai a Bombai, kuma gaskiya ban ga abin da ake zuzutawa ba. Ruwa ne mai launin toka, ga ƙarnin kifi, ga hankaki sun fi mutane surutu. Ni da na tashi a Abuja, wato Sulejar yanzu, ruwan da na sani tun ina yaro shi ne Iku, wanda in rani ya yi sai mu naɗe wando mu tsallake. Sunana Shu'aibu, ubana mahauci ne a kasuwar garinmu, kakana ma haka. A shekarar da aka yanka mana jihar Neja ina ƙaramin ma'aikaci a sashen kifi na ma'aikatar gona, sai aka ce akwai gurbi guda na karatun adana kifi a ƙasar Indiya. Aka yi jarrabawa na zo na ɗaya. Akwai waɗanda abin ya tsaya musu a wuya, har wani ya taka takanas zuwa rumfar Baba ya ce wai a ina aka taɓa jin bangaro, wato mahauci, ya hau jirgin sama. Baba ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Daga Bombai jirgin ƙasa na hau zuwa Kochin, can kudu. Wani ɗan gayu a tasha ya karɓi akwatina da fara'a, ya ce zai sama mini kujera ta musamman tunda ni baƙo ne. Ya samo kuwa, sai dai da na shiga na tarar da wani magidanci da iyalinsa a kanta, shi ma da tikitinsa, kuma nasa ne na gaske. A kan akwatina na yi tafiyar nan, kusa da ƙofar banɗaki. Yara suna zuwa su shafa gashina su ruga. Matar magidancin nan ce ta dube ni ta dube ni, can ta kwance wani ƙunshin ganyen ayaba ta miƙo mini shinkafa da wata miya mai tsami. Ba mu ji yaren juna ba, na dai cinye tas, ta ƙara mini.

A Kochin makarantar ba ta da ɗakin kwana da ya rage, sai aka haɗa ni da wani ɗan ƙasarmu, Ebi, mutumin Fatakwal, wanda shi ma ɗalibi ne a makarantar, muka kama ɗaki a saman shagon shayin wani tsoho Musulmi, Baba Moidu. Garin ruwa ne ta ko'ina, sama ruwa ƙasa ruwa. Kome da man kwakwa ake dafawa, har gashin kansu ma shi suke shafawa, sai ka rasa ko ƙamshin abinci kake ji ko na mutum. Watannin farko na rame. In na kwanta ba abin da nake gani sai tuwon dawa da miyar kuka, da doyar da matan Gwari ke saukowa da ita daga wajen Garam a kafaɗa ranar kasuwa. Na yi kewar gida ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ranar da na fara zuwa masallacin unguwar na tayar da salla hannuwana a sake kamar yadda muka taso, duk sahu aka bi ni da kallo. Baba Moidu ne ya tambaye ni da ɗan Larabcin da muka haɗa, na ce Malikiyya. Ya juya ya yi musu bayani da yarensu, daga ranar kowa sai ya matsa ya ba ni wuri.

Wadda aka danƙa ni a hannunta a makaranta wata mata ce, Dakta Mariyamma, Kirista, 'yar guntuwa, kullum cikin farin zane da tabarau. Ba ta dariya, ba ta kuma maimaita magana. Ita ta ce jatan lande zan yi bincike a kai. Na ce mata ranki ya daɗe, garinmu ko ƙamshin teku ba ya kaiwa, tarwaɗa da ƙarfasa muka sani. Ta ce wanda ya iya riƙe jatan lande zai iya riƙe kowane kifi, don babu abin da ya kai shi saurin lalacewa. Ni kuwa kafin nan busasshe kawai na sani, ɗan mitsi-mitsi da matan Ibo ke aunawa a gwangwani a kasuwarmu. Da aka zube mini ɗanye a gabana sai na ga ai fara ce ta ruwa, ga gemu ga ƙafafu. Ebi ya yi ta dariya, ya ce Malam ya ga dodo.

Abin da ta koya mana shi ne, mutane suna zaton in an binne jatan lande a ƙanƙara shi ke nan an tsayar da lokaci. Ƙanƙara tana danne ƙwayoyin da ke ruɓar da abu ne kurum, amma naman yana da nasa sinadarai a jikinsa waɗanda mutuwa ba ta kashe su, sanyi ma rage musu hanzari kawai yake yi. Su ne ke bi suna tsinka zaruruwan furotin da suka ɗinke tsokar. In sun tsinke, nama ya saki, ya kasa riƙe ruwansa, ruwan ƙanƙarar da ke narkewa ya kwashe zaƙin ya tafi da shi kwata. Aikina shi ne in samo sabon kamu, in jera a ƙanƙara, in riƙa bin sa kullum ina ganin yadda yake sauyawa har ya tashi daga aiki.

Da sassafe na je bakin ruwa inda jirage ke sauke kamu. Wani dillali mai haƙorin gwal ya tare ni, yana ta kirana aboki aboki, ya rantse da abin da yake bauta wa cewa kwandon nan yanzu aka fito da shi daga ruwa. Na sama na motsi kuwa. Baƙo makaho ne ko da idonsa, na ɗauka na kai makaranta ina washe baki. Gwajin ranar farko ya fito kamar na kayan da suka yi mako a ƙanƙara. Dakta ta duba, ta cire tabarau, ta ce ko dai ban iya awo ba ko ban iya wanke kwalba ba. Raina ya ɓaci. Da ta fita na tona ƙasan kwandon na ɗauko ɗaya na danna da babban yatsa, yadda muke danna cinyar sa a rumfar Baba. Yatsa ya lotsa, wurin bai taso ba. Na ce la'ilaha, kwantai ne. Mutumin nan ya wanke tsohon kaya ya yafa sabo a sama, ni ɗan mahauci aka sayar wa kwantai.

Na koma na neme shi, ya ce bai taɓa ganina ba, duk da kuwa baƙar fata irina a bakin ruwan nan ba mu fi ni da Ebi ba. Na faɗa masa maganganu da Hausa waɗanda ba zan rubuta a nan ba. Da na ba Baba Moidu labari ya ce in daina saye a hannun kowa, surukinsa yana da jirgi mai inji, in bi shi in kamo da hannuna. To amma damina ta riga ta kankama, irin tasu mai iska, jirage suka yi makonni a ɗaure. Da teku ya lafa muka fita. Abin da na amayar a ranar nan Allah kaɗai ya sani, har sai da na ji kamar hanjina zai biyo. Masuntan suna dariya suna ba ni citta in tauna. Amma da aka jawo koma na rarrafa na zuba jatan landena cikin ƙanƙara yana tsalle, na rungume akwatin har muka iso gaɓa.

Jinkirin nan shi ya jawo mini abin da ya kusa mayar da ni gida hannu rabbana, domin jibin ranar aka ga watan azumi.

A tsarin Dakta, rabin makin binciken a baki yake. Kullum da hantsi za a turara jatan landen kowa a tukunya guda, a jera mu a teburi, kowa ya tauna, ya haɗiye don ya ji abin da ke biyowa a maƙogwaro, ya kurkure da ruwa, ya ba da maki. Wanda bai yi ba, ba shi da takardar shaida. Jiharmu kuma sau ɗaya ta ɗauki nauyina, babu zancen maimaita shekara. Na je ofishinta na ce a bar ni in ɗanɗana nawa bayan faɗuwar rana. Ta ce abin da aka ci da zafinsa da hantsi da wanda aka ɗumama da magariba ba abu ɗaya ba ne, ba za a gwama su ba. Gaskiyarta ce, na san gaskiyarta ce, shi ya ƙara ba ni haushi. Na ce a ɗaga zuwa bayan salla. Ta ce jatan landen da ke cikin ƙanƙara ba zai jira ni ba, kuma lokacin kamu na ƙarewa.

Ebi, da zuciya ɗaya, ya ce ai ya ji ana ɗauke wa matafiyi azumi, in sha in rama mana. Na ce masa mutumin da ya yi watanni a gari har mai wanki ya san sunansa ba matafiyi ba ne. Can cikin raina kuma akwai wani abu da Ebi ba zai gane ba. Tun muna firamare ake tsokanarmu da kirarin nan, bangaro ba ka salla sai kasuwa ta tashi. Baba kuwa da ya ji kiran salla zai rufe nama da ganye ya bar mai ciniki a tsaye, don dai kada maganar ta tabbata a kansa. In ni na sha azumi saboda kasuwata, ko ba wanda ya gani a Abuja, na gaskata masu faɗa. Gaba kura baya sayaki.

Na sake komawa wurin Dakta. Na ce mata na gane kwantan dillalin nan da yatsa ne, ba da harshe ba, a bar ni in bi naman ta wannan hanya. Ta dube ni ta saman tabarau.

“Mista Shu'aibu, yatsanka naka ne kai kaɗai. Ba zan iya ba ɗalibin baɗi aronsa ba. Kawo mini abin da kowa zai auna ya sami abin da ka samu.”

Ta ce ta ba ni dama, amma da sharaɗi. A ƙarshe za ta jera mini faranti-faranti na ɓararren jatan lande ba tare da ta faɗa mini kwanan kowanne ba. In na jera su daidai daga sabo zuwa tsoho ta yafe mini ɗanɗano. In na kuskure, to, na san hanyar tashar jirgi.

Na zauna na yi ta tunanin yadda za a mayar da yatsa abin awo. Na samo doguwar ƙusa na dakushe bakinta da dutse, na huda katako na zura ta yadda za ta sauka a miƙe, na manna rula a gefe. Saura nauyin da zai danna, wanda ba ya canjawa. Baba Moidu ya ga ina ta gwada duwatsu, ya shiga shago ya ciro ɗan ƙarfen awon sukarinsa na tagulla ya sa mini a hannu. Watan nan duka da ƙiyasi ya riƙa auna wa mutane sukari, kuma na tabbata shi ya cutu. Sai in ɗora ƙusa a kan nama, in ɗora ƙarfe, in ga iya nutsewarta. Na ƙara da takardar shan tawada: in matse yanki guda a tsakanin biyu, in auna faɗin jiƙewar. Ruwan ƙanƙarar da ya narke kuma in tara, in ɗiga masa maganin da ke juya shi shunayya in akwai furotin.

Wahalar kuwa ba a magana. Zafin garin irin mai ɗanko ne, gumi ba ya bushewa. Hannuwana suna cikin ƙanƙara har suka tsattsage, maƙogwarona kuwa kamar an zuba yashi. Ka riƙe ƙanƙara a tafinka da azahar kana azumi, ka ji yadda Shaiɗan ke iya wa'azi. Da hantsi in an buɗe tukunyar turarawa ƙamshi ya cika ɗaki, abokan karatu suna tauna suna lumshe ido, ni ina lungu da ƙusata. Wasu har suna kirana kafinta. Da magariba Baba Moidu zai ajiye mini kunun shinkafarsu da dabino, in sha ina tuna kunun tsamiya da ƙosan Inna, da yaran unguwar Bagama masu tashe.

Amma abin da ƙusar ta nuna mini ya sa na manta da yunwa. A kwanakin farko masu ɗanɗano duk maki ɗaya suke bayarwa, suna cewa lafiya lau, ba wari ba kome. Ni kuwa kullum ƙusa sai ta ƙara nutsewa, da'irar ruwa a takarda sai ta ƙara faɗi, ruwan narkewa sai ya ƙara rinewa. Ashe naman ya daɗe da fara warwarewa daga ciki kafin harshe ya sani, hanci kuwa shi ne na ƙarshen samun labari. Sai da aka doshi mako sannan baƙin ɗigo ya fito a ɓawo, masu taunawa suka fara cewa ya yi lami, ya yi taɓo-taɓo. Na sake bin jirgin surukin Baba Moidu da azumi a bakina na kamo wani, na maimaita, abin ya fito iri ɗaya. Na ba Ebi ƙusar ya gwada da hannunsa, ya sami abin da na samu. Ranar ce na fara jin cewa ba a banza na zo ƙasar nan ba.

Ranar gwaji ta faɗo cikin goman ƙarshe, bayan la'asar, lokacin da mai azumi ya fi galabaita. Dakta ta kore kowa sai Ebi da ta bari shaida. Ga faranti a jere, kowanne an ɓare an wanke, ba kai ba ɓawo, duk fari fat kamar uwa ɗaya ta haife su. Na yi bisimilla na fara. Na danna, na matse, na auna, na jera su daga wanda ya fi tauri zuwa wanda ya fi saki. Ta bi layin tana dubawa, tana gyaɗa kai, har ta zo kan wani da na sa kusa da farko. Ta ɗaga shi ta ce wannan ya fi kusan dukkansu daɗewa a ƙanƙara.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne tashar motar garinmu, da yadda zan sauko da akwati ba takarda, da mutumin nan da ya je rumfar Baba. Ebi ya sunkuyar da kai. Dakta ba ta ce tafi ba, ba ta ce zauna ba. Ta ture farantin gabana ta ce, “Ƙusarka ta yi ƙarya ne, ko kuwa? Faɗa mini dalili.”

Na sake ɗaukar ƙusar. Da ma a tsakiyar nama nake aunawa kullum. Wannan karon, don dai kada in tsaya haka, na auna wajen wuya, na auna wajen wutsiya. Duk ɗaya, da taurinsa. Na jawo wani tsohon faranti na yi masa haka. Wajen wutsiya da sauran ƙarfi, amma wajen wuya ƙusa ta wuce kamar a cikin fura. Na gwada na kusa da shi, haka. Ashe sakin ba ko'ina yake farawa lokaci guda ba, daga wajen kai yake gangarowa.

Sai na tuna in Baba ya kawo gida ragowar naman tsohon bijimi, wanda ko kura sai ta yi da gaske, Inna takan murje ganyen gwanda ta naɗe shi ta ajiye. In an kwance, gefen da ya taɓa ganyen shi ke fara laushi, cikin kuwa sai daga baya. Jatan lande kuma tumbinsa da hantarsa duk a kai suke, can ruwan da yake narkar da abincinsa yake. In ya mutu ruwan nan ba shi da abin narkarwa sai mai shi.

Na ce mata ƙusa ba ta yi ƙarya ba. Sauran duk da kawunansu aka kwantar da su a ƙanƙara, ruwan cikin kan ya tsiyayo ya ci naman. Wannan kuwa an fille masa kai tun yana sabo kafin a sa shi, shi ya sa ya daɗe bai saki ba. Na ce in kwana ake tambaya na faɗi, amma in lafiyar nama ake tambaya, inda na sa shi nan ne wurinsa. Na ba ta labarin ganyen gwandar ma, da muryata da ta dushe.

Can ta ce ita da kanta ta cire wa farantin nan kawuna ranar da aka kawo su, ta ɓoye shi a ƙasan akwati. Ta ce mai ƙirga kwana da mai leƙen amsa duk a ƙarshe za su sa shi, mai sauraron nama ne kaɗai zai sa shi inda na sa, amma ba za ta ba da takarda ga wanda ya dace da amsa bai san dalilinta ba.

“Ka ci gwajin, Mista Shu'aibu. Ƙusar nan kuma a nan za ka bar mini ita.”

Ebi ya daka tsalle ya rungume ni har ya kusa kifar da faranti. Ni dai na tsaya ƙiƙam. Daɗi ya cika ni, da alfahari, ba zan yi kawaici a kan wannan ba: azumina cikakke, ban sha ko ɗaya ba, ga takardata kuma ta tabbata. Na buɗe baki in yi mata godiya, harshe ya manne a ganɗa, sai wani kakari ya fito.

Dakta ta juya da sauri ta tsiyayo ruwa a kofin gilashi ta miƙo mini. Hannunta ya zo rabi sai ta tsaya. Ta waiwaya taga, rana na nan a saman itatuwan kwakwa, da sauranta. Ta janye hannun, ta buɗe akwatin ƙanƙarar, ta tona rami a tsakiyar jatan landen ta dasa kofin a ciki, ta rufe. Sannan ta jawo kujera ta zauna, ta nuna mini wata, ta ce ba ta sauri, za ta jira tare da ni.